Ƙasar Gindin Bango

Shekarar da kuɗin mai suka fara kwarara a Najeriya, Alhaji Mainasara ya wayi gari da son wasan golf. Mutumin da ko langa bai iya ba yana yaro a Funtuwa, sai ga shi da jakar sanduna a bayan mota. Aikinsa a Landan shi ne yi wa 'yan kwangilar gida odar siminti da rodi, kuma ya lura Turawan da yake ciniki da su ba sa sakin baki sai a filin golf. Da suka yi masa dariya kan yadda ƙwallonsa ke kewaye rami ta wuce, sai ya ce a bayan gidansa zai koya, inda ba mai ganinsa.

To, gidan a unguwar Highgate yake, bayansa kuwa gangare ne. In ka ajiye ƙwallo a sama, sai dai ka tsince ta a gindin shingen maƙwabci. Don haka ya ɗauko wani Bature mai shimfiɗa ciyawar roba, sabuwar aba a lokacin, wadda ba ta neman ruwa balle yanka. Baturen ya kafa turaku, ya ja igiya, ya ce za a sare tudun da ke sama a cike gangaren da shi, a zuba tsakuwa da yashi, a daɓe, sannan a shimfiɗa ciyawar a huda rami.

Karimatu, matar Alhaji, ta leƙo ta tagar kicin ta ga igiyar ta haɗa har da kusurwar sama, gindin bango.

A wannan kusurwa aka binne mabiyiyar ɗanta na fari. A gidan nan ta haihu, cikin sanyin hunturu, kuma wata tsohuwa 'yar Kumasi mai suna Dela, da ta zo yi mata wankan jego, ita ta wanke mabiyiyar ta tona ƙasa da wuƙar kicin ta rufe ta. Ba a gaya wa Alhaji ba, don ba zancen maza ba ne. Da aka yaye yaron, kakarsa, mahaifiyar Alhaji, ta aiko aka kai mata shi Funtuwa, kamar yadda aka saba. Karimatu ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ɗan fari ne, ga shi sunan surukinta gare shi, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa. In baƙi sun zo daga gida suna ba da labarinsa, sai ta tashi ta shiga kicin, ta bar ƙofa a buɗe. Kewarsa kuwa tana cinta kullum. Abin da ya rage mata nasa a ƙasar nan shi ne wannan kusurwa, kuma can take kai kujerarta duk safiyar da ba a ruwa.

Ta fara da kewaye-kewaye, yadda mai kunya ke yi.

"Alhaji, ciyawar Allah me ta yi, da za a kawo ta roba?"

"Ba ta da level, Karima, duk gangare ce. Kuma wa zai riƙa yanka ta?"

Washegari ta ce a can sama take son shuka yakuwa. Ya yi dariya ya ce yakuwa a Landan sai dai a hoto, amma zai sayo mata tukwanen fure. Ta ce nan ne kaɗai rana ke sauka. Ya ce bayan an gama ta zauna a kan ciyawar ma, ba ta ɓata zane. Alhaji ba mugu ba ne. Mutum ne dai da in ba ka ɗora masa magana a tafin hannu ba, ba zai gan ta ba.

Ran Litinin aka ce za a fara aikin. Ranar Juma'a suka tafi salla masallacin Regent's Park tare, ta ƙudura a ranta a mota za ta faɗa. A tafiya ta ce sai a dawowa. A dawowa ta buɗe baki, sai ta ji kanta tana tambayarsa ko ya tuna da sayen shinkafa.

Tun daga bakin titi suka ji ƙarar inji. Baturen ya tare su da fara'a, ya ce an soke wani aikinsa, shi ya sa ya zo da yaransa su rage wannan. Kusurwar sama suka fara sarewa. Inda kujerarta ke zama ya koma rami mai santsi, ƙasar kuwa an kwashe ta a baro an juye a gangare, ta gauraya da sauran.

Karimatu ta taka har bakin ramin da takalman unguwa, ta tsaya. Alhaji ya biyo ta yana murna.

"Kin gani? Kafin wani sati an gama."

"Mabiyiyar yaron nan a nan take," ta ce, ba ta dube shi ba.

"Wane yaro?"

Ta ci gaba da duban ramin. Sai ya gane. Ya ɗaga wa masu aikin hannu, aka kashe inji. Ya dubi ramin, ya dubi tarin ƙasar da ke gangare, mai yawan da ba wanda zai ce ga ta nan ga ta can.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Da wane bakin?"

Shi ma a gidan kunya ya tashi, ya san amsar kafin ya tambaya, amma abin ya yi masa nauyi.

"Wallahi, Karima, na ɗauka kin saba. Tun da aka tafi da shi ban taɓa jin kin ambace shi ba. Har nakan ce a raina, matar nan ta fi ni ƙarfin zuciya." Muryarsa ta yi ƙasa. "Iya ta aiko tun bara, ta ce in uwarsa na so a dawo mata da shi, ta yafe. Na ce mata ba ki nema ba."

Karimatu ta juyo ta dube shi. Turawa na tsaye da shebur suna jira, ba su san me ake ciki ba.

"Ina nema," ta ce. "Ina neman Haliru."