Barcin La'asar

…kuma kada ya motsa, sharaɗin ke nan. Ko ƙuda ya sauka masa a leɓe, ko gumi ya gangara cikin kunne, kada ya motsa. Baballe yana kwance rigingine a kan tabarma a ɗakin zaure, a gidansu na Tarauni. Babu wuta, fanka ta tsaya cak, kwanon rufi sai ƙara yake don zafi. An idar da azahar. Daga nan zuwa kiran la'asar, ɗan tsakanin nan ne kaɗai nasa.

Ja numfashi ta hanci. Riƙe. Saki a hankali…

Rigingine! Da Inna za ta leƙo, da ya sha faɗa. "Babana, juya dama. Kwanciyar rigingine ai gayyatar dannau ce." Babana take ce masa, don sunan mahaifinta ya ci, bakinta bai taɓa kama sunansa na yanka ba. To ai dannau ɗin yake nema, Inna. Kowa gudunsa yake, shi kuwa har shimfiɗa yake yi masa. Sai dannau ya hau ƙirji, jiki ya mutu murus amma hankali yana nan — sannan ƙofar take buɗewa, ya koma ranar.

Hannu. Ya duba kafin ya rufe ido: uku. Babban yatsa da ƙananan biyu na ƙarshe. Manuniya da na tsakiya sun tafi da wuƙa, a bakin titi a Gyadi-Gyadi, ranar da aka kashe ƙaninsa Haidar. Hannun hagu, hannun kuloci da giya. Wa zai ba mai yatsu uku adaidaita sahu ya tuƙa? Shi ya sa ƙato kamarsa yake miƙe da rana tsaka, sa'o'insa suna can kan titi suna nema.

Uku, ido biyu. Biyar, mafarki. A mafarki hannun yakan dawo lafiya lau, ko tabo babu.

Deborah ce ta koya masa, maƙwabciyarsu ma'aikaciyar jinya, lokacin da take zuwa wanke masa ciwon. Ta katanga take jiyo ihunsa. "Baballe, mafarkin nan naka ne fa, ba na wancan mugun ba. Ka saba duba hannunka da rana, kana tambayar kanka, barci nake ko ido biyu? Wata rana za ka duba a cikin barcin. In ka gane, shi ke nan, linzami ya dawo hannunka. Sai ka zauna da ƙaninka, ku yi sallama yadda ya kamata."

Sallama! Baiwar Allah. Ita a ganinta magani ta ba shi. Ba ta san wuƙa ta wasa masa ba.

Ja. Riƙe. Saki… Kowace ƙara ta zo, a bar ta ta wuce, haka ta ce. Mai kankana yana talla a waje. Wuce. Turmi a gidan baya. Wuce.

Juma'a ce, an sauko daga masallaci, titi ya cika maƙil. Fasinja ɗaya a baya, da takunkumi a fuska, hula ta sauko har gira. Haidar a gaba, ya ɗosana rabin mazauni a gefen kujera, bakin nan nasa ba ya hutawa. "Yaya, wannan tuƙin naka, wallahi kunkuru ma sai ya yi mana obatekin." Waya ta yi ƙara. Inna ce. Haidar ya buɗe sifika don su ji tare — attaruhu take so, kuma a ce wa Babana kada ya sayo ruɓaɓɓe irin na wancan makon…

Hannu a kafaɗa. Yadda kowane fasinja yake yi. "Malam, a nan."

Ya taka birki. Da ƙafarsa ya taka.

"Kawo wayar," in ji fasinjan. Haidar ya yi dariya. Dariya fa! Ya ɗauka wasa ne, shi da komai wasa ne a wurinsa. Wuƙar ta shige a gefen wuyan Haidar, ta fito, gilashin gaba ya yi ja. Da ta sake dawowa Baballe ya cafke kaifin da hannu, ya finciko mutumin, takunkumin ya zame har haɓa. Ya gan shi. Ido cikin ido. Sai zafi, sai gudu, sai lungu ya haɗiye mutumin — da wayar a hannunsa, sifika a buɗe, muryar Inna tana tafiya tare da shi tana ƙanƙancewa: "Babana? Babana, me ya faru? Babana…"

"Ka ga fuskarsa?" in ji ɗan sanda a asibiti. Na gani. "To yaya take?" Fari ne, baƙi ne? Da tsaga, ba tsaga? Gurbin da fuskar take a kansa sumul yake, kamar bayan ƙwarya.

Amma tana nan. Ina za ta je? Abin da ido ya gani ai ba ya zubewa a ƙasa. Tana can a ajiye a cikin mafarkin, a bayan ƙyallen nan, kuma duk ranar da ya gan ta… Gyadi-Gyadi nawa take? Lungu-lungu zai bi. Ba zai kai wa kowa ƙara ba. Yatsu uku ma sun isa su riƙe wuya, ɗaya hannun ya yi aikin.

"In ka yi mugun mafarki ka yi tofi hagu sau uku, ka nemi tsari, ka juya ɗaya gefen. Kada ka gaya wa kowa." Haka Inna take cewa, haka kowa ya taso ya ji. Tofi? Ya tofar da abin da yake nema? Shi da yake lallaɓa mafarkin kamar mai kiran kaza da tsaba…

Sau ɗaya mafarkin ya yi masa ƙarya. Ƙyallen ya zame, sai ga fuskar Sulaiman mai faci, wanda suke gaisawa tun suna yara. Ya farka, ya ɗauki sukundireba ya sa a aljihu, ya je ya tsaya a gaban rumfarsa. Sulaiman ya ɗago daga kan taya, baki har kunne. "A'a, Baballe, ya hannu? Zauna mana." Ranar Juma'ar da abin ya faru ma Sulaiman yana Wudil wurin biki, duk unguwa ta sani. Baballe ya juya ya dawo gida. Kuskuren a nan yake: ya tsaya kallo daga nesa, ya bar mafarkin ya zaɓar masa. Ba kallo ake yi ba. Kamawa ake yi. A riƙe wuya, a matse, a cire ƙyallen da hannu — wanda aka shaƙe ba ya aron fuskar wani.

Jiya saura ƙiris. Hannunsa har ya taɓa ƙyallen. Sai daga bakin ƙofa, "Babana, tashi, an kusa kira." Komai ya watse. Ya daka mata tsawa. Inna! Tunda aka haife shi bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ba ta yi fushi ba, da ma fushin ta yi. Ta tsaya riƙe da labule, ta ƙanƙance, duk ta zube tun rasuwar nan. "Barcin la'asar hauka yake kawowa," ta ce. "Na ba ƙasa ɗaya. Ba zan ba bola ɗaya ba." Kunya ta kama shi, tausayi ya kama shi, amma ƙasan zuciyarsa haushi ne zalla. Yau ko za ta kira har muryarta ta dishe, ba zai amsa ba. Kowace ƙara ta zo, a bar ta ta wuce.

Ja… Riƙe…

Ga shi nan. Ƙafafu sun yi nauyi. Kunnuwa suna zuuu. Wani abu ya zauna a ƙirji, ya danne, ya danne — sannu da zuwa, ɗan gari, tun ɗazu ake jiranka. Kada ka yi kokawa da shi. Bari ya gama zama. Rufin ɗaki yana nisa… ƙamshin fetur… hon…

Titi.

Hannu. Duba hannu. A kan kuloci yake, ya ɗaga shi a gaban gilashi. Ɗaya, biyu… biyar. Biyar! Mafarki ne. Kwantar da zuciya, in ta yi tsalle za ta jefar da kai waje. Shafa kan mashin, ji ɗumin roba. Ga masu fararen kaya suna tsallaka titi da darduma a kafaɗa. Ga mai rake. Ga Haidar a gefe, kafaɗarsa tana gogar tasa, da rai, da ɗumi, da warin turaren nan nasa mai arha…

"Yaya, wannan tuƙin naka—"

Kada ka dube shi. In ka dube shi za ka yi kuka, in ka yi kuka ka farka. Ku yi sallama yadda ya kamata… A'a. Ba yau ba. Haidar, yi haƙuri, ba wurinka na zo ba.

Madubi. Yana nan a baya. Hula, ƙyalle, hannu a cikin riga. Zauna daram, ɗan banza, yau direban ya san hanya. An yi ta maimaitawa a kan tabarma har jiki ya haddace: hannu na taɓa kafaɗa, ba birki, ba magana. Juya. Wuya.

Waya tana ƙara. Ga muryar Inna ta sifika, daidai inda take shigowa kullum. "Babana." Attaruhu, na sani. "Babana, tashi." Yau ta canja magana, ba komai, mafarki yakan yi haka. "Babana, an yi kira fa…" Wuce. Wuce. Muryar tana matsowa maimakon ta yi nisa. Wuce!

Hannu a kafaɗa.

Ya juya da dukan ƙarfin da ya tara tun ranar. Ya samu! Wuya, a tafin hannu, da gaske, yana motsi. Ya maka shi da ƙasa, ya hau kai, ya sa gwiwa. Matse. Wannan na Haidar ne. Wannan na jinin da aka wanke da bokiti a bakin kwata. Wannan na tsohuwar da ta ji mutuwar ɗanta ta waya tana tsaye a kicin da ludayi a hannu. Shure-shure kake? Yi! Farce yana yaƙushin damtsensa, ba ƙarfi, kamar na kyanwa. Ashe haka kake? Ashe duk ƙaton da ya hana shi barci, wuyansa bai fi na kaza ba? Ƙyallen, cire ƙyallen, ga shi nan ya rufe fuska, ja shi…

Laushi gare shi. Yalwa gare shi. Takunkumi ba ya da tsawo haka.

Wani abu ya tsinke, yana zuba a siminti, ƙas-ƙas-ƙas, yana gangarawa ƙarƙashin gado. A titi akwai gado? Ƙamshin man kaɗanya. Ƙamshin daddawa. Daga nesa ladan yana sauke kira, ba na Juma'a ba, muryar masallacin bakin layinsu ce… Mafarki ne yake wasa da shi. Ya taɓa yi. Ya ara masa fuskar Sulaiman, yanzu kuma ya aro — a'a. A'a. Wanda aka shaƙe ba ya aron fuskar wani, shi da kansa ya faɗa.

Hannu. Duba hannu, Baballe.

Yana nan inda yake, a kan wuyan, a ƙarƙashin mayafin da ya zame. Babban yatsa. Sai gurbi. Sai gurbi. Sake ƙirgawa, ai a mafarki lissafi ba ya tsayawa wuri ɗaya, rufe ido ka buɗe, zai canja, dole ya canja…

Uku.

Yatsun sun saki, ba shi ya sake su ba. 'Ya'yan carbi ko'ina a kan tabarma. Idanunta a buɗe suke, a kansa suke, babu tsoro a cikinsu, abin da ya fi tsoro muni ne a ciki — tausayinsa take ji. Ƙirjinta… yana ɗagawa? Ya ɗaga. Ko idonsa ne? Leɓunanta suna motsi, iska ce kawai take fita, ya sunkuya, ya kai kunne.

"Babana… la'asar…"

Tofi. Hagu, sau uku, a juya ɗaya gefen, kada a gaya wa kowa. Ya juya kansa hagu. Bakinsa a bushe yake ƙamas, ko ɗigon yawu babu.