Miyar Da Ba Barkono

A garinmu Bedoli ba a maganar shekarar da sojoji suka zo. Amma kowa ya san dokar da ta rage tun kakanni: wanda jinin mutum ke hannunsa ba ya sa hannu a kwano ɗaya da ɗan mamacin. In ya sa, ba shi abin ke kamawa ba, ɗan yake kamawa. Ƙafa ta fara kumburi, ciki ya biyo baya, kafin damina ta zagayo an kai shi. Wanda ya harba da wanda ya nuna, duk hukuncinsu ɗaya. Fada ya yi ta wa'azi a coci har muryarsa ta dishe, yana cewa camfi ne. Mutane suka amsa da amin, suka koma gida kowa ya ja kwanonsa gefe.

Shi ya sa da aka yi sulhu, 'yan tawayen da ake kira kodo suka fito daga daji suka ajiye bindigogi, sai cututtuka iri-iri suka sauka wa mazan garin. Wannan likita ya hana shi gishiri, wancan haƙori ya zube yana jin kunyar tauna a gaban jama'a. Wasu gaskiya suke faɗa, wasu ƙarya, ba kuwa mai tonawa, don in aka fara ba a san gidan da za a tsaya ba.

Ngarlem shi gyambon ciki ne da shi. Shekara ashirin da biyu ke nan ana dafa masa tasa miyar daban, ba barkono, ba kanwa, a zuba masa a wani ɗan kwanon sha mai murfi, ya koma gindin rumbu ya ci shi kaɗai. Ba wanda ya taɓa zarginsa, balle Solkem, matar ƙanensa marigayi Jimtolum. Da wane baki? Mutumin da ya riƙe ta da ɗanta tun tana da cikin wata bakwai?

Ba ta manta ranar ba. An tara maza a filin awon auduga, rana tsaka, aka zaunar da su a ƙasa. A bayan motar sojoji akwai wani mutum tsaye, an kifa masa buhu tun daga ka har gwiwa, an huda masa wurin ido. Ana wucewa da maza ɗaya-ɗaya ta gabansa, ana tambayarsa ko wannan yana kai wa 'yan daji hatsi. Sau biyar buhun ya sunkuya. Na huɗu Jimtolum ne. Aka tafi da su bakin kogi, mata suna jin ƙarar daga gida. Ngarlem ba ya gari ran nan, ya ce ya tafi Mundu sayen bakin garma. Bayan kwana biyu ya dawo, ya yi ta birgima a ƙasa yana kuka har sai da aka riƙe shi.

Shi ya yi wa jaririn suna Beasum. Shi ya goya shi a keke ya kai shi asibiti lokacin da maciji ya sare shi, shi ya koya masa kama garma, bara kuma ya ware shanun noma biyu ya ce nasa ne. Beasum bai san wani uba ba sai shi. Solkem kuwa kullum da safe sai ta je ta durƙusa ta gaishe shi, tana ce masa Yaya, tana sa masa albarka da zuciya ɗaya.

Da ba ta je Mundu ranar wata Asabar ba, da haka za ta mutu tana sa masa albarka. Ta kai man kaɗanya kasuwa, ta sayar da wuri, ta nufi tasha neman motar gida. Can a rumfar masu gashi sai ga Ngarlem a tsugune da direbobi uku, tire ɗaya a tsakiyarsu, kifi gasasshe an yi masa ja da yaji. Yana gutsura, yana dangwalawa, yana share gumi da bayan hannu, har da neman ƙarin barkono. Ta tsaya bayan wata mota tana kallonsa har ya suɗe yatsu. Bai gan ta ba.

Ta shiga mota ta kamo hanyar gida. Tana ta jera abubuwa a ranta, suna zama daram. A gidan biki yakan ci da tsararrakinsa wani lokaci, ya ce yau cikin ya yi sauƙi. A makoki ma ta taɓa ganin haka. Amma in dai Beasum yana cikin da'irar, sai gyambo ya tashi. Ko rake bai taɓa gutsura ya miƙa wa yaron ba. Ta ji ƙiyayya da kunya a haɗe, kunyar shekara ashirin da biyu tana durƙusa wa mutum.

Mako uku tana dakon abin, sannan ta faɗa wa ƙawarta Nelum, mai dafa burkutu, wadda ita ma mijinta yana cikin biyar ɗin. Nelum ta ci gaba da juya tukunya kamar ba ta ji ba. Daga baya ta ce ita ta daɗe da daina kallon kwanonin mutane, don ranar da ta fara kallo abinci ya daina shiga cikinta.

"To in kin sani, me za ki yi da sanin?" in ji Nelum. "Ƙara za ki kai? Wurin wa? Wanda ya tuƙa motar ran nan yanzu shi ke yanka wa mutane tikiti a kasuwa."

"Ba inda zan kai," in ji Solkem. "So nake in ga ya janye hannunsa a gaban mutane, ba gyambon da zai fake da shi. Daga ranar gwiwata ta huta."

Ba ta da shakka ko kaɗan cewa zai janye. Ta san irin son da yake yi wa Beasum, ta ga yadda ya rame lokacin saran maciji. Zai tashi, ko ya ce kansa na ciwo, kowa kuma ya gane. Iyakar abin da take so ke nan.

Beasum ya kira gayyar noman dawa a ƙarshen watan, gayyarsa ta farko a gonar kansa. Maza goma sha huɗu suka fito da fartanyoyi, Ngarlem a gaba duk da furfurarsa, yana yi wa samari gorin cewa ƙugunsu na tsofaffin mata ne. Solkem da Nelum suka tuƙa tuwon dawa, aka yi miyar yauƙi da busasshen kifi. Da Nelum ta miƙo ƙullin barkono, Solkem ta ture hannunta. Kanwa ma ba ta sa ba. Nelum ta dube ta, ta maida ƙullin cikin zane.

Da rana ta take aka taru a inuwar ɗorawa. Aka jera manyan kwanoni uku, aka ajiye tulun burkutu gefe. Wani magidanci mai suna Dumde, wanda ba ya iya rufe baki, ya ɗanɗana miya ya yamutsa fuska.

"Uwar Beasum, yau barkono yajin aiki yake yi? Ko sayar da shi kika yi kika sayi ɗankunne?"

Aka yi dariya. Solkem ma ta yi, sannan ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Saboda Yaya na yi. Yau ɗansa ya zama magidanci, ga gona ga shanu. Na ce ba zai yiwu uba ya koma gefe da ɗan kwano kamar baƙo ba. Ba barkono, ba kanwa, ba abin da zai taɓa masa ciki. Yau dai ya ci da ɗansa."

Dariyar ta mutu a bakin manya. Dumde ya sunkuyar da kai yana gyara ƙotar fartanyar da ba abin da ya same ta. Duk wanda ya haura shekara arba'in a wurin ya gane abin da aka ajiye a tsakiyar inuwar nan. Samari ne kawai ba su gane ba, Beasum kuwa har ya fi kowa murna. Ya san dokar kamar yadda kowa ya san ta, amma ko a mafarki bai taɓa haɗa ta da gidansu ba. Ya matsa, ya share wuri kusa da shi, ya ɗauko ƙwaryar wankin hannu da kansa.

"Baba, zo nan. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin girman lomarka ba. Yau zan gani ko gorin da kake mana na gaske ne."

Ngarlem yana tsaye da ƙwaryar burkutu a hannu. Ya dubi Solkem, ita ma ta dube shi, ba ta kau da ido ba. Ya dubi dattawan da suke ta kallon ƙasa. Solkem tana jira ya dafe ciki, ko ya tuna da wata saniya da ya bari a sake. Tana jin wani irin daɗi mara kyau.

Sai ya ajiye ƙwaryar. Ya tsuguna kusa da Beasum, ya wanke hannu a hankali har wuyan hannu, ya gutsuri tuwo, ya dangwala a miya, ya kai baki. Beasum ya sa nasa hannun a daidai gurbin da baffansa ya gutsura.

Solkem ta tsaya a inda take. Tana kallo ɗanta yana loma yana zolayar tsohon, tsohon yana taunawa yana gyaɗa kai, har ma ya tura masa tsokar kifi gabansa. Dattawa suka saki numfashi. Dumde ya dawo da surutunsa, har ya fi na ɗazu ƙarfi, yana cewa ashe miyar marasa lafiya ma tana da daɗi in yunwa ta yi yunwa. Wani ya yi wa Solkem kallon da ke cewa kin ga ni, kin zargi bawan Allah a banza.

Ta koma bayan bishiyar kargo inda suka girke tukwane, ta zauna a kan dutsen murhu da ya huce. Ta shiga lallashin kanta. Ai tunda ya ci, ba shi ba ne. Wa zai ci in shi ne? Wataƙila gyambon ne ke zuwa yana tafiya. Gobe za ta je ta durƙusa ta roƙi gafararsa, ko da bai san laifin da ta yi masa ba. Har ta fara jin sanyi a ranta.

Tana nan zaune Ngarlem ya zagayo, kamar mai neman ruwan sha. Nelum ta gan shi, ta ɗauki tulu ta ba su wuri. Bai zauna ba. Fuskarsa ta yi toka-toka, ya yi magana ƙasa-ƙasa yana kallon tukunya.

"Uwar Beasum, ki kai yaron wurin tsohon nan mai magani na bakin kogi a yi masa wanka. Kada ya wuce kwana uku. Akuyar da za a yanka ki kama a garkena."

Kowa ya san yadda wankan nan yake. Sai an tsayar da ɗan a cikin ruwa, uwarsa ta faɗi sunan mai jinin da bakinta, da yadda aka yi suka haɗa kwano, yana ji da kunnensa. In aka ɓoye ko kalma ɗaya wankan bai karɓu ba.

"Kai ne a cikin buhun," in ji ta.

"A hanyar Mundu suka tare ni. Kwana suka yi suna dukana. Suka ce mutum biyar, in babu ɗan gidanmu a ciki ƙarya nake yi, za su ƙone garin da mutanensa." Idonsa na kan tukunyar. "Ban zo neman ki yafe ba."

"Ban tambaye ka wancan ba. Na yau nake tambaya. Ka goya shi, ka yi masa suna. Me ya sa ka ci?"

Ya sunkuyar da kai.

"Mutane suna kallo," in ji shi. "Tsoro na ji. Wancan karon ma tsoron ne. Na ɗauka da na tsufa ya sake ni."

Ta so ta tofa masa yawu. Shekara ashirin da biyu ba su canza shi ba. Da aka matsa shi ya ba da uban, da aka sake matsa shi ya ba da ɗan. Ta tattaro duk zagin da ta tanada tun daga tashar Mundu, tana shirin sauke masa, sai ya ɗago ya dube ta a karon farko. Ba faɗa a muryarsa, tambaya ce kawai.

"Ke fa? Kin riga kin san ni ne, tun kafin yau. Ɗanki ne, shi kaɗai gare ki. Me ya sa kika ajiye kwanon a gabansa?"

Ya juya ya koma wurin maza, ya ɗauki fartanyarsa.

Solkem ta zauna da tambayar. Ta juya ta ta kowace fuska ba ta samo amsar da za ta iya faɗa a bakin kogi ba, ga shi kuwa dole jibi ta faɗe ta, ɗanta yana tsaye cikin ruwa yana kallon bakinta. A rana ɗaya zai rasa wanda yake kira Baba, ya kuma ji cewa uwarsa ta ɗana tarko da shi don ta huta da durƙuso.

Daga inuwar ɗorawa ta jiyo muryar Beasum, cike da ƙoshi da farin ciki.

"Inna, in da sauran miyar nan ki ajiye mana. Na ce wa Baba daga yau tare za mu riƙa ci."