Shuɗiyar Kusurwa a Bargon Karin

Babu wata na'ura a cikin gida da ta fi ƙarfin mutumin da ya yi karatu. Duk abin da aka ɗaure da sukuru ana iya kwance shi, a duba, a gane, a mayar. Masu gyaran nan da ke yawo da mota suna ƙwanƙwasa ƙofofi ba su da wata sana'a illa tsoron da jama'a ke yi wa sukurdireba.

Wannan ita ce koyarwar Vernon Haugen, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana karantar da falsafa a wata ƙaramar kwaleji a arewacin Minnesota kafin ya yi ritaya. Matarsa Ardis ta ji ta ranar da famfon banɗaki ya fara ɗiga. Ta ji ta ranar agogon bango, wanda har yau yake nuna huɗu saura kwata. Ta sake jin ta ranar Laraba da safe, a tsakiyar watan Janairu, sa'ad da ta hauro daga ɗakin ƙasa da kwandon jiƙaƙƙen tawul ta ce injin busar da kaya yana juyawa amma ba ya zafi.

Saura kwana uku auren 'yarsu Karin.

A dangin Ardis, uwa ba ta sallamar 'yarta zuwa gidan miji sai da bargon da ta ɗinka da hannunta, na haɗe-haɗen ƙyalle daga tufafin matan gidan. Ardis ta shekara biyu a kan na Karin. Akwai rawaya daga rigar da mahaifiyarta ke zuwa coci da ita, akwai ja daga rigar girkin kakarta, akwai fari mai ɗigo-ɗigo daga rigar Karin ta farko. Ɗinki ya ƙare tun Litinin. Abin da ya rage wanki ne guda ɗaya, don zanen allin da ta bi da allura ya fita, audugar ciki kuma ta kwanta. Ba a miƙa bargo da alli a jiki. Dole kuma ya bushe da wuri, domin jan kakarta zuba yake yi idan ya daɗe a jiƙe. Dokar unguwa ta hana shanya a waje, ko da ba ta hana ba, abin da aka rataya a wannan sanyi katako yake zama.

"Bari in kira mai gyara," in ji Ardis.

"Ki kira shi ya yi me? Ya duƙa mana a ƙasa wando yana zame masa, ya sha kofinmu, ya ce sai an yi odar wani abu?" Vernon ya riga ya cire tabarau yana gogewa, alamar da ta sani tun suna saurayi da budurwa. "Ganga ce fa mai juyawa da ɗan wuta a bayanta. Na karantar da abin da ya fi wannan wuya ga yara masu gyangyaɗi."

Ta ajiye kwandon. Shekara talatin da huɗu na aure sun koya mata cewa gardama ita ce abincinsa, in ta ba shi sai ya ƙara ƙarfi.

Ya wuni a ɗakin ƙasa. Ya janyo injin daga bango, ya cire murfin baya, ya jera sukurori cikin kwalin ƙwai bisa tsari, kowane rami da lambarsa. Ya ɗora waya a kan kwandon wanki, wani mutum mai gemu yana ta bayani a ciki. Da Ardis ta sauko masa da burodi da cuku da rana, ta tarar yana yi wa mai gemun gyaran lafazi.

Da yamma ya hauro riƙe da wani ɗan farin abu, bai kai ɗan yatsa ba, ya ajiye shi a tsakiyar teburin cin abinci kamar wanda ya kamo ɓarawo.

"Ga mai laifin. Fiyus ne. In zafi ya yi yawa sai ya yanke wuta. Ya ƙone."

"To me ya sa zafin ya yi yawa?" ta tambaya.

"Tsufa," ya ce. "Komai yana tsufa, Ardis."

Ranar Alhamis ya tafi shagon kayan ƙarfe, ya dawo hannu wayam: irin wannan fiyus sai Talata zai iso. Yana shigowa ya tarar da Lyle, yayan Ardis, zaune a kicin da hula a gwiwa. Lyle ya shekara arba'in yana tuƙa motar ture dusar ƙanƙara, bai taɓa karanta littafi har ƙarshe ba, abin da Vernon bai yafe masa ba shi ne bai taɓa jin kunyar hakan ba.

"A'a, Farfesa! An ce ka buɗe asibiti a ƙasa. Mara lafiyan na numfashi?"

"An gano cutar," in ji Vernon.

"Madalla. Ka leƙa bututun da ke fitar da iska waje?"

"Matsalar ta lantarki ce, Lyle, ba ta iska ba."

"To, ni dai abin da na sani, fiyus ba ya mutuwa don baƙin ciki. Wani abu ne ya shaƙe shi." Ya juya wajen ƙanwarsa. "Ardi, ki wanke abinki ki kawo gidanmu. Namu injin mummuna ne amma yana aiki, kamar mai shi."

Ardis ta buɗe baki, Vernon ya riga ta. Ya ce ba za a ɗauki jiƙaƙƙen bargon 'yarsa a ratsa gari da shi kamar gidan ba namiji ba. Ya ce kafin gobe da rana injin zai yi zafi. Lyle ya shanye kofinsa, ya sa hula, a bakin ƙofa ya ce, "In ka ga hayaƙi, Farfesa, kada ka tsaya tambayarsa ma'anarsa."

Bututun da Lyle ya ambata yana fita ta gefen gida, ƙasa-ƙasa, bayan wata bishiyar da dusar ƙanƙara ta binne rabinta. A watan Oktoba Vernon ya ga ɓera guda ɗaya a ɗakin ƙasa, ya yi nazari, ya gane ta nan ya shigo, ya rufe bakin bututun da ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, sukuru huɗu. Ya yi alfahari da aikin har ya nuna wa maƙwabci. Tun daga lokacin ba a sake ganin ɓera ba. Burbuɗin zaren da ke fita daga tufafi a kowane busarwa shi ma tun daga lokacin bai sake ganin waje ba.

Ranar Juma'a da hantsi Vernon ya kira Ardis ƙasa. Ya yi tunani, ya ce, ya kuma ga cewa fiyus ba ya ƙara komai, hanawa kawai yake yi. Saboda haka ya haɗe wayoyin biyu da juna, ya naɗe su da baƙin salatif. Akwai wani ɗan ƙarfe a kusa mai irin wannan hali na hanawa, shi ma ya tsallake shi, don kada ya ba da matsala daga baya. Na kwana huɗu ne kawai, zuwa Talata.

Ya jefa tawul biyu, ya danna. Cikin minti goma suka fito a bushe, da zafin da sai da ta canza hannu.

"Bai taɓa zafi haka ba," ta ce.

"Bai taɓa samun wanda ya fahimce shi ba."

Ardis ta tsaya da tawul a hannu. Ta yi lissafin tafiyar gidan Lyle, minti ashirin. Ta yi lissafin fuskar Vernon a hotunan biki idan ta tafi, hotunan da Karin za ta rataya a bango har tsufanta. Ta dubi mijinta, gwiwoyin wandonsa duk ƙura, yatsa ɗaya da filasta, yana jiran a yaba masa kamar ɗalibin da ya miƙa jarrabawa da wuri. Sai ta hau sama ta ɗauko bargon.

Ta wanke shi da ruwan sanyi. Allin ya fita, jan bai zuba ba. Ta sa shi a injin da hannunta, ta murɗa maɓallin zuwa mafi ƙarancin zafi, ba ta san maɓallin ya daina magana da kowa ba. Ta hau kicin ta fara fere dankalin abincin da za ta kai coci gobe.

Tana dankali na tara ƙararrawar hayaƙi ta fashe da ihu.

Vernon ne ya fara isa, kuma a faɗi gaskiya, ya zare filogi da sauri, ya watsa wa bayan injin garin kashe gobara ba tare da ya karanta takardar jikin gwangwanin ba, karo na farko a rayuwarsa. Ɗakin ya cika da ƙauri. Ardis ta buɗe ƙofar injin da tsumma, ta janyo bargon, ta shimfiɗa shi a ƙasa.

Yawancinsa lafiya. Amma kusurwa ɗaya, wadda ta manne a bayan gangar, ta yi launin burodin da aka manta a tanda. Gida tara na haɗin ƙyallen. Biyar daga ciki rawaya ne, na mahaifiyarta. Ta taɓa ɗaya da ɗan yatsa, ya ruɓushe.

"Kamfanonin nan da gangan suke yi," in ji Vernon a bayanta, yana tari. "Suna ƙera abu don ya lalace. An yi rubuce-rubuce a kan haka."

"Buɗe taga," ta ce.

Ta ɗauki bargon ta hau ɗakin ɗinki ta rufe ƙofa. Ta farke gidaje taran ɗaya bayan ɗaya, ta yanke audugar da ta ƙone, ta cusa sabuwa. Sannan ta zazzage buhun ragowar ƙyalle a ƙasa. Ta san abin da za ta samu: rigar mahaifiyarta ta ƙare har hannuwa da aljihu. Abin da ya saura guntayen labule ne da tsohuwar rigar Vernon mai ratsi, kuma ba a sa labule ko kayan maza a bargon amarya. Sai tufafin mace ta gidan, wanda ƙyallensa zai daɗe.

A bayan ƙofa, cikin leda, rigar da ta ɗinka wa kanta don bikin tana rataye. Shuɗiya ce, auduga mai kyau, ta gwada ta sau ɗaya kawai a gaban madubi, ta kuma tsaya a gaban madubin fiye da yadda ta saba. Ta sauko da ita. Ta auna siket ɗin da idonta, ta ga zai ba da gida tara har da saura. Ta ɗauki almakashi.

Kafin rana ta faɗi ta gama shida, ta ƙarasa ukun washegari da sassafe. Daga nan ta sa takalman sanyi, ta ɗauki sukurdireban Vernon daga kan matakala, ta zagaya gefen gida. Ta tone dusar da hannu, ta kwance sukuru huɗu, ta cire ragar. Ta zura hannu har gwiwa cikin bututun, ta janyo wani dunƙulen burbuɗin zare toka-toka mai girman kyanwa, sai wani, sai wani. Ta tura su duka cikin bola, ragar a ƙasa, ta mayar da sukurdireban inda ta same shi.

An ɗaura aure ƙarfe biyu. An ci abinci a zauren ƙasa na coci, dankali da nama da kofi mai yawa. Ardis tana cikin rigarta mai ruwan ƙasa, wadda rabin matan wurin suka gane daga jana'izar wata 'yar cocinsu, Esther Moen. A teburin maza Vernon yana bayanin yadda ya gano fiyus cikin yini ɗaya, da yadda kamfanoni ke cin amanar jama'a. Lyle ya dubi rigar ƙanwarsa daga nesa, ya dubi surukinsa, ya cika bakinsa da dankali, bai ce komai ba. Wannan ita ce kyautar da ya kawo wa bikin.

Da aka zo miƙa bargo, Karin ta warware shi, mata suka taso suna shafawa. Ta bi gidajen da yatsa tana faɗar sunaye, wannan na Kaka, wannan nawa ne ina jaririya. Ta zo kusurwa ta tsaya.

"Mama, shuɗin nan fa? Na wace ce? Ban san shi ba."

"Nawa ne," in ji Ardis.

"Ban taɓa ganin ki da shi ba."

"Ba ki taɓa ba."

Karin ta kai shi hancinta, ta ce yana ƙanshin murhun gida, ta rungume uwarta. Aka tafa.

A hanyar komawa, wajen ƙarfe biyar, Vernon yana tuƙi cikin nishaɗi. Ya ce ranar Talata fiyus zai iso, aikin minti goma ne. Ya ɗan kalle ta, ya mayar da ido kan titi.

"Af, ina shuɗiyar rigar nan? Da ita kika sa. Ta fi miki kyau, ka'ida ce ta launi, mai farin gashi shuɗi ke karɓarta."

Ardis ta gyara kwanon da ba komai a cinyarta.

"Rage hitar motar nan," ta ce. "Zafin ya yi yawa."