Tankin Baba Fal

"Ƙara," in ji Baba Fal.

Famfon ya riga ya yi ƙas ya tsaya da kansa, alamar tanki ya cika. Matar da ke zuba mai ta dubi tsohon, ta dubi Kafinta da ke zaune a cikin motar yana fifita da hula.

"Baba, motar nan ta ƙoshi fa."

"Ke kika haife ta? Ƙara." Ya leƙa ta taga. "Kafinta, fito ka kama mini."

Kafinta ya fito yana dariya. Ya san aikin, ya sha yin sa. Suka jingina kafaɗa da jikin a-kori-kurar suka yi ta jijjiga ta, wai don man ya sauka a sami wurin ƙarin wani. Matar ta ɗiga, suka jijjiga, ta sake ɗigawa, har man ya taso bakin tanki ya gangaro kan fenti. Sai a sannan tsohon ya ɗaure murfi. Yana haki, zufa ta jiƙa masa wuyan riga, ya ɗan dafe ƙirji.

"Lafiya, Baba?"

"Tsufa ne. Shi kam ba a kai shi gareji."

Kafinta maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba su, kuma Baba Fal ke ɗauko masa katako tun ranar da ya buɗe shago. Unguwar kaf an san dalilin sunan. Shekarun baya, da matar tsohon ta haifi 'yarsa Auta a gida jini ya ɓalle mata, ya ɗauke ta a motarsa ta wancan lokaci, mai ya ƙare masa a tsakiyar hanya. Kafin ya dawo da galan a guje, ta cika. Tun daga ranar allurar mansa ba ta sake sauka ko rabi ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Bakanike, mai gyara masa motar, ya faɗa masa har bakinsa ya gaji. "Baba, tanki ma yana numfashi. In famfo ya tsaya, ka tsaya. Wanda kake ɗurawa a sama ta hanyar iska yake bi ya je ya shaƙe injin. Ba ka ga duk ranar da ka sha mai sai ta yi maka gardama ba?"

"Ni dai ban taɓa jin wanda cikar tanki ta kashe ba," in ji tsohon. "Wadda rashinta ya kashe kuwa, ni na ɗauko ta a hannuna."

Ran nan ma sai da ta yi gardamar. Ya murza makulli ta yi tari, ya sake murzawa ta yi tari, da ƙyar ta kama, suka taho tana shessheƙa. Suka iso layinsu, can ƙarshen gari inda kwalta ta ƙare, rana na tsakiyar ka. Maza duk sun tafi nema, yara suna makaranta. Ya kashe ta a ƙofar shagon, suka hau sauke katako.

Kafinta ya shiga da wani falanki, yana jingine shi ya ji ƙarar faɗuwar katako a waje. Ya ɗauka tsohon ne ya suɓutar. Da ya fito sai ya same shi a zaune a ƙasa, ya jingina da taya, hannu a ƙirji, baki a buɗe yana neman iska.

"Auta! Auta!"

Ta fito da kumfar wanki har gwiwar hannu. Ita kaɗai ta rage masa a gidan, yayyenta duk sun yi nisa. "Baba! Wayyo Allah, Baba!"

Suka kinkime shi zuwa bayan motar, Auta ta hau ta ɗora kansa a cinyarta. Kafinta ya zaro makulli daga aljihun tsohon. Yana jin shi yana cewa a hankali, kamar mai lallashin yaro, "Kar ki ji tsoro. Akwai mai. A cike take."

Kafinta ya murza. Injin ya juya, bai kama ba. Ya taka totur ya sake murzawa. Warin fetur ya cika gaban motar har yana yi masa yaji a ido. Allura tana can ƙarshe, ta wuce ma layin cika. Ya murza, ya murza, yana kiran sunan Allah, yana roƙon motar kamar tana da kunne.

"Kawu, ka tayar mana!"

"Ina yi, 'yata, ina yi."

Ya kira Bakanike a waya.

"Yau ya sha mai?"

"Yanzun nan."

"Har wuya?"

"Har wuya," in ji Kafinta. Bakanike ya yi salati. "Ta shaƙe ke nan. Sai ta huce, ko in zo in kwance filogi. Ina wajen gari. Ku nemi wata motar, kar ku tsaya jirana."

Wata motar a ina? Ya kira motar asibiti, aka ce tana wani wurin, za ta zo. Ya kira mai tasi ɗaya da ya sani, wayar a kashe. Matan layin suka firfito, suka taru a baya suna turawa, tsohuwa da mai goyo, silifas na tsinkewa. Amma layin yashi ne, kuma hawa ne. Motar ta matsa kaɗan, ya saki kuloci, ta yi tari ɗaya ta tsaya. Da ya sake murza makulli sai ƙas-ƙas kawai. Batir ya mutu.

Ya diro ya ruga titi. Mutum mai jikoki yana gudu ba takalmi, yana ɗaga hannu biyu. Motoci suka yi ta wuce shi. Wani mai ɗaukar buhunan siminti ne ya tsaya daga baya, ya juyo da shi.

Tun daga bakin layin Kafinta ya gane. Matan sun daina turawa. Sun ja gefe sun yi cirko-cirko, ɗaya ta ciro mayafinta ta miƙa wa Auta. Ita kuwa ba ta kuka. Tana share wa ubanta zufar goshi da gefen zane, kumfar ta bushe a hannunta.

"Ya yi ta tambaya ko mun kusa," ta ce. "Na ce masa mun kusa."

Kafinta ya zauna a ƙasa daidai inda tsohon ya zauna ɗazu. Kafaɗarsa ta dama tana yi masa tsami, ya daɗe yana murza ta kafin ya tuna da abin da ya yi da ita a gidan mai.

Bayan an share makoki Bakanike ya zo, ya goge filogi, ya sa wani batir. Bugu ɗaya ta tashi, tana ƙara sumul kamar sabuwa.

"Kashe ta," in ji Kafinta. "Don Allah kashe ta."

Yayyen Auta suka zo suka tafi da ita, suka sa wa gidan kwaɗo. Motar ce ba su daidaita a kanta ba, suka bar ta a nan ƙofar shagon. Kafinta ya daina fita ta gaba, ya koma aiki a bayan shago, amma ba yadda zai ɗauko katako bai wuce ta gefenta ba. Tayoyinta suka fara saki, kaji suka sami inuwa a ƙarƙashinta. In rana ta yi zafi, man yakan ɗan tsatso ta gefen murfin tanki, ya gangaro siriri a kan fenti, ya bushe kafin ya kai ƙasa.