Kujerar Jirgi a Soron Alhaji Ashafa

Sau biyu na je gidan Alhaji Ashafa kafin ranar, kuma duk abu ɗaya na roƙe shi: kada a tara mutane, kada a kunna turare, kada kowa ya taɓa yaran.

"An gama, 'yata," in ji shi. "Ai baƙina ne."

Alhaji tsohon ma'aikacin kamfanin jiragen sama ne. Da ya yi ritaya sai ya mayar da soron gidansa da ke Goron Dutse ɗan gidan tarihi. Akwai hulunan matuƙa jirgi, da hotunan alhazan da can suna hawa matakala riƙe da butoci, da ƙananan jirage rataye da zare, da kujerun jirgi na gaske guda biyu, har da bel ɗinsu. Ni kuwa malama ce a wata ƙaramar makaranta kusa da Ƙofar Kabuga, inda muke koyar da yara masu larurar da likitoci ke kira otizim. Abin da na karanta ke nan a jami'a. Sai dai ba a koya mini yadda zan dubi dattijo in maimaita masa magana sau uku ba.

Don Mikail na shirya tafiyar. Shekararsa tara, ba ya haɗa kalma fiye da biyu, amma in jirgi ya bi ta saman birni sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya saurara har ƙarar ta ɓace. Tun ranar da ya yi ihu ya kifar da faranti a wurin wani suna, mahaifinsa ya yanke hukunci: in ya sake jawo musu magana a cikin mutane, ya daina fita, har makarantar. Mahaifiyarsa Uwani ce ta faɗa mini, tana murɗa bakin hijabinta. Sati uku na yi ina nuna masa hoton soron a wayata, ina ce masa: ɗaki shiru, mutum ɗaya, jirage.

Ranar Asabar da hantsi muka sauka daga adaidaita sahu, ni da Uwani da Mikail, da Zaituna, ɗalibata 'yar shekara bakwai da ba ta sakin gefen zanena. Tun daga waje na ga takalma jere a bakin ƙofa, na mutum tara. Hayaƙin turaren wuta na fitowa ta taga.

Nan ya kamata in juya. Amma Alhaji ya riga ya hango mu.

"Malama Bahijja! Lale, lale! Ga 'yan majalisarmu nan na gayyato. Ai ba a kawo maka marasa lafiya gida ka bar su su tafi ba addu'a."

Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Mun gode, Baba."

Mikail bai dubi kowa ba. Ya wuce kai tsaye ya zauna a kujerar da ya sani a hoto, ya lalubo bel ɗin, ya haɗa shi, bel ɗin ya ce ƙas. Ya ɗaga kai yana kallon jiragen da ke lilo. Wata takwas ina koyar da shi, ban taɓa ganin fuskarsa ta saki haka ba.

"Yaro, ba gaisuwa?" in ji wani dattijo mai farin gemu, Malam Ɗahiru. Ya taso ya ɗora tafin hannunsa a tsakiyar kan Mikail, ya fara karatu yana tofa masa.

"Baba, don Allah, ba ya son a taɓa kansa," na ce. Ni kaina da ƙyar na ji muryata.

Mikail ya ƙwala ihu. Ya yi yunƙurin tashi, bel ɗin da ya ɗaura da kansa ya mayar da shi. Malam Ɗahiru ya ƙara danne kan.

"Kun gani ko? Addu'ar ce ba ya so. Akwai iska a jikin yaron nan."

Zaituna ta shige ƙarƙashin tebur ta toshe kunnuwa. Mikail ya kai hannunsa baki ya ciza. Wani mai suna Nata'ala ya ɗaga waya yana ɗauka.

"Bari a tura wa mai ruƙiyya, shi zai gane irinsu."

Sai na ga Uwani ta durƙusa a gabansu. "Ku yi haƙuri, Alhazai, ku yi haƙuri, ba ya sane." An danne mata ɗa yana cizon kansa, ita ce kuma ke ba da haƙuri.

Ban san lokacin da na kama hannun rigar Malam Ɗahiru na fizge ba.

"Cire hannunka daga kansa!"

Malam Ɗahiru ya juyo ya dube ni.

"Ke 'yar gidan wane ce?"

"Malamarsa ce. Sau biyu na zo gidan nan na ce kada a taɓa shi. In addu'a ce, daga tabarma ma Allah na ji. Ku fita, dukkanku." Na juya ga Nata'ala. "Kai kuma goge."

"Malama, ai taimako..."

"Ɗanka ne? Goge ina kallo."

Ban matsa ba sai da ya goge. Na ɗauki kaskon turaren na dire a waje. Suka fita ɗaya bayan ɗaya suna laluben takalma, wani na cewa, "Boko ke nan." Alhaji Ashafa ya tsaya a bakin ƙofa.

Ban taɓa Mikail ba. Na zauna a kujerar da ke kusa da tasa na ɗaura nawa bel ɗin. Mun fi minti ashirin a haka. Can wani jirgi ya taso daga wajen filin jirgi, ƙararsa ta cika soron. Mikail ya cire hannu daga baki.

"Jirgi," ya ce. "Babba."

Ranar Litinin bai zo makaranta ba. Talata Uwani ta zo ita kaɗai, ta ƙi zama.

"Labari ya kai wa babansa tun a masallaci. Ba ihun ne ya dame shi ba, tunda ba hoto. An ce malamar ɗansa ta kori dattawa daga gidan dattijo. Ya ce sai kin je kin ba su haƙuri, sannan yaron ya dawo."

"Ni zan ba da haƙuri?"

"Ke, Malama."

Bayan La'asar na je. Suna zaune a ƙofar gidan Alhaji, su taran. Na cire takalmi na durƙusa nesa da tabarma, na ce na yi kuskure, ƙuruciya ce, a yafe mini. Malam Ɗahiru ya yi mini nasiha mai tsawo a kan ladabi. Ba wanda ya tambayi hannun Mikail.

Da na miƙe sai Alhaji Ashafa ya biyo ni har bakin lungu.

"Yaron nan," ya ce a hankali, "manyan alhazai sun sha kasa ɗaura bel ɗin nan. Ki sake kawo shi."

Wannan karon na dube shi sosai.

"Sai in za ka ba ni mukullin soron, Baba. In kulle daga ciki."

Sai ya sa hannu a aljihu.

Ranar Laraba Mikail ya dawo aji, da bandeji a hannu.