Ƙwaya Biyu, 'Ya'ya Biyu

Likita ya ajiye hoton wuyan Yaya, ya jawo takardar gwajin jini, sannan ya cire gilashinsa.

"Mama, wata huɗu ke nan ƙarin bai ragu ba. Kuma magani ɗaya muke gani a jininta. Jar ƙwayar fa, ina take zuwa?"

Uwar ta murza tef ɗin awo da ke wuyanta. Tela ce, daga kan keken ɗinki ta taso, ta ma manta ba ta cire shi ba. 'Ya'yanta biyu, Yaya da Auta, suna zaune a benci a waje. Dukkansu sun gaji ciwon ubansu marigayi, wanda ke sa ƙari ya tsiro a jikin jijiya. Na Yaya a wuya yake, har yana danne mata maƙogwaro. Na Auta a bayan kunne.

Da asibitin ya fara gwajin haɗa magani biyu, farar ƙwaya da ja, Yaya kaɗai aka ɗauka. Wai ƙarin Auta bai kai girman da ake so ba, saura santimita ɗaya. Santimita ɗaya! Abin da ko mai ɗinki ba ta faɗa a kansa.

"Auta nake ba," in ji uwar. "Yaya fara, Auta ja."

"Subhanallahi! Mama, ba na gaya miki tare suke aiki ba? Ɗaya ta toshe wa ƙarin hanya, ɗaya ta tare inda zai ɓulle. Kin raba su, kin kashe amfaninsu duka."

"Ka gaya mini, Likita. Amma ba kai ke zama a gabansu da safe ba. Tun da na haife su, yadi ɗaya nake yanka musu. Ko lemo na ɓare, sai na ƙirga musu. Yanzu in ba ɗaya ta sha, ɗaya na kallo?"

Likita ya mayar da gilashinsa, ya ɗauki biro. Ya ce dokar shirin ba a hannunsa take ba, wadda ta saɓa tsarin shan magani cire ta ake yi. Ta roƙe shi har muryarta ta dushe. Ya yi ta ba ta haƙuri, biro kuwa bai daina rubutu ba.

Can ya ce a shigo da Auta, tunda ta sha abin da ba a rubuta mata ba, dole a duba ta. Suka yini a layin ɗaukar hoto. Da yamma ya sake kiran uwar, har da ɗan murmushinsa.

"To, akwai labari mai daɗi. Na Auta ya girma, ya kai. Gurbin da Yaya ta bari, ita za mu saka."

Labari mai daɗi, wai. Ta rasa wa za ta tsine wa. Bayan sati biyu aka miƙo mata kwalabe biyu irin na da sak, suna kawai aka canza.

Washegari da safe yaran suka zauna a bakin gado kamar kullum, kowacce da kofin ruwanta, suka miƙo hannu. Uwar ta zuba fara da ja a tafin Auta, ta kau da kai.

"Umma, kin manta tawa," in ji Yaya, numfashinta na ɗan shaƙewa.

Auta ta dubi hannunta, ta tsinci farar, ta miƙa. "Ungo, Yaya. Ai taki ce."

Uwar ta damƙe wuyan hannun yarinyar da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba.

"Haɗiye duka," ta ce. "Ba a rabawa."

Auta ta tsorata, ta haɗiye tana hawaye. Yaya ta ɗan jira, sannan ta shanye ruwanta, ta tashi ta kai kofin wajen wanke-wanke.