Magudanai Goma Sha Bakwai

Ranar Asabar ɗin da aka tare hanyar, Owona ne a gaba. Ya sha kwanar bishiyar mangwaro a guje, sai ga shingen gora ya gitta. Ya danne birki, keke ya tsaya, shi bai tsaya ba. Ya tashi da jar ƙasa har cikin hular kwano, abokan hawansa biyar suna ta dariya.

Hanyar ba ta fi faɗin kafaɗar mutum ba. Daga kan dutsen Mbankolo ta gangaro, ta ratsa gonaki, ta faɗa unguwa ta bayan coci. Ita kaɗai ta rage musu, don sauran hanyoyin da suka saba bi a duwatsun Yawunde gine-gine sun cinye. Shekara uku Owona yana kula da ita duk ranar da ba ya shagonsa na magani. In aka rufe ta, sai dai su koma titi su sha hayaƙin tasi.

Mai shingen tana zaune a kan kututture tana feraye rogo. Mama Eyenga ce, gonar da ke ƙasan hanya tata ce. Owona ya cire hula ya gaishe ta. Ba ta amsa ba, sai ta nuna masa gonar da tsinin wuƙa. Ruwan daren jiya ya biyo hanyar kekuna, ya tsaga kunyoyin gyaɗa gida biyu, ya kwashe rabi ya zuba a rafi.

"Wane mai wayon ne ya cike min magudanai?" in ji ta.

Owona ya san amsa. A da akwai ƙananan ramuka da suka gitta hanyar, kowanne an jera masa duwatsu. Duk wanda taya ta faɗa ciki sai haƙoransa sun haɗu. Shi ya ɗauka zaizaya ce, ya kashe Lahadi biyu na rani yana cike su, har abokansa suka yi ta yabo cewa hanya ta zama kamar titin fadar shugaban ƙasa. Yanzu Mbarga, wanda ya fi kowa yabon, ya sunkuya yana duba sarƙar da ba abin da ya same ta.

"Ni ne, Mama."

Ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce marigayi mijinta ne ya haƙa su, goma sha bakwai, kowanne yana karkatar da ruwa zuwa gindin ayaba. Shekara talatin ruwa bai taɓa mata gyaɗa ba.

"Ku kuna da birki, ɗana. Ka taɓa ganin ruwa da birki?"

Ya roƙa ta bari su sake haƙawa. Ta ce wanda ya cike rami bai isa ya san inda rami yake ba, amma su zo gobe bayan an tashi daga coci, ita za ta nuna. Shinge kuwa yana nan sai ruwan sama ya ba da shaida.

Suka zo da fartanya. Na farko da Owona ya haƙa, miƙaƙƙe ya yi shi. Ta sa ya cike, ta ja masa layi a karkace da sanda. Abomo, malamar lissafi da ta fi su duka gudu a gangara, ta fara bayanin kusurwa. Tsohuwar ta ɗauki bokiti ta kwara ruwa a ƙasa, ta ce su bi shi da ido, inda ya nufa nan ne lissafin. Mbarga yana ta mita cewa bai taɓa ganin mutanen da ke haƙa wa haƙoransu kabari ba. Abomo ta ci gaba da aikinta. Ƙasar da aka fitar take tarawa a bakin kowane rami ta ƙasa, tana daɓe ta da dunduniya har ta zama ɗan tudu.

Ranar Laraba da azahar hadari ya haɗo. Owona ya rufe shago, ya hau dutsen a ƙafa. Ya tarar da Mama Eyenga tsaye da ganyen ayaba a ka. Ruwa ya gangaro ja wur, ya iso rami na farko ya juya, haka na biyu, haka na goma. A na goma sha shida ya fara tsallakewa. Mama Eyenga ta miƙa masa fartanya. Ya shiga laka har idon sawu, ya zurfafa ramin, ruwan ya bi.

Asabar suka tarar an cire gora uku daga shingen, daidai faɗin kan keke. Abomo ce ta fara sauka. Da ta iso ɗan tudun farko ta ɗaga taya, keke ya tashi sama ya dire bayan rami. Nan suka gane abin da take daɓewa. Mbarga ma ya daina mita.

Owona ya tsallake ramuka goma sha biyar lafiya, ya tsaya a gaban kututturen da Mama Eyenga ke zaune, kusa da na goma sha shida. Wannan karon ta amsa gaisuwa.

"Na goma sha shidan nan har yanzu bai yi min ba," in ji ta. "Gobe ka zo da wuri, kafin rana ta yi zafi."